Sabon Batirin Babbar Mota: Yadda Ake Caji da Gwaji Kafin a Ɗaura

Yawancin masu manyan motoci sun ɗauka cewa batirin da aka ciro daga kwali a cike yake fal, ɗaurawa kawai ya rage a buga kik. Shi ya sa za ka ga an sayo guda biyu da rana tsaka, yaron mota ya kinkimo su zuwa gareji, rewaya ya ɗaure kawuna, mota ta tashi, kowa ya watse. Bayan wata biyar ko shida sai ɗaya ya fara kasawa da asuba, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Akwai jabu a kasuwa, wannan ba musu. Amma batura da yawa masu kyau ne aka kashe tun ranar farko, saboda an ɗaura su da rabin caji, ko an haɗa cikakke da wanda ya sha ajiya.

Dalili shi ne batirin dalma da asid yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba. Wanda ka gani a shagon Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, idan na waje ne, ya kwana a jirgin ruwa, ya kwana a tashar Legas, ya kwana a sito, sannan ya zauna a shago mai rufin kwano. Zafi kuma yana hanzarta zubar cajin: duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas kusan ninka saurinsa yake yi. Idan caji ya sauka, wani farin gishiri da ake kira salfet yana taruwa a jikin farantan dalmar da ke ciki. Idan aka yi caji da wuri yana narkewa ya koma cikin ruwan. Idan ya daɗe sai ya ƙanƙare, kuma wurin da ya rufe ya fita daga aiki ke nan.

Wani zai ce ai altaneta za ta cika shi a hanya. Aikin altaneta shi ne mayar da abin da kik ya ci da kuma ciyar da fitilu da sauran kayan wuta. Motar da za ta kama hanyar Kano zuwa Legas tana iya ɗaga shi sosai. Amma tifar da ke jigilar yashi a cikin gari, a kashe a tayar sau goma sha a wuni, ko tankar da za ta yi kwanaki a layin lodi, batirinta ba zai taɓa ganin cikakken caji ba.

Tun a shago

Ka tafi da mitarka ta auna wuta, irin ta lamba, ka juya ta zuwa bolt 20 na DC. Batirin bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1. Don haka cikakken batiri mai ruwa da ya huta zai nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan ka ga 12.4, kimanin kashi 75 cikin ɗari ne a ciki. 12.2 rabi ne. 12.0 kwata ne kawai ya rage, ƙasa da haka kuwa fanko ne. Irin da ake kira AGM, wanda asid ɗinsa a jiƙe yake cikin wata auduga ta gilashi, yakan ɗan fi haka, 12.8 ko sama kaɗan idan ya cika. Ka lura da yadda tazarar take ƙanƙanuwa: tsakanin cikakke da rabi bai wuce rabin bolt ba. Mai shagon da ya ce maka "ga shi nan sha biyu, lafiya lau" ya nuna maka batirin da ya kusa ƙarewa ne.

Nawa hukuncin shi ne: 12.5 zuwa sama a saya, 12.2 zuwa 12.4 a saya idan babu wani amma a sani sai an yi masa caji mai kyau, ƙasa da 12.0 a bar masa kayansa ko nawa ya rage. Ka tambayi ranar da aka ƙera shi. Kowane kamfani da irin lambarsa, wasu a manne a takarda, wasu a buge a jikin murfi. Wanda ya haura wata shida a ajiye da ruwa a ciki sai an yi hattara da shi. Ka duba jikin ko ya kumbura, ka duba gindin kawunan ko akwai tsagewa ko danshi, ka duba ko akwai sawun an taɓa ɗaure waya a kansu. Ka kuma ɗaga shi. Batirin N200 na gaskiya, wato mai girman amfiya-awa 200, idan da ruwansa a ciki yakan kai kilo 50 ko fiye, domin dalma ce ƙarfinsa. Idan biyu suna ɗauke da lamba ɗaya amma ɗaya mutum guda na ɗaga shi ba nishi, takardar jikinsa ce kawai take cewa 200.

Tagar nan mai launin kore da ke saman wasu batura ɗaki ɗaya kaɗai take kallo cikin shida. Kada ka jingina da ita.

Sai batun biyu-biyu. Motocin Turai da na Sin irin su DAF, MAN, Mercedes, Iveco da Howo bolt 24 suke amfani da shi, wato batura biyu a haɗin jere, fozitif ɗin wannan da negetif ɗin wancan. Galibin motocin Amurka irin su Mack da Freightliner bolt 12 ne, da batura uku ko huɗu a haɗin kafaɗa da kafaɗa, fozitif duk wuri ɗaya, negetif duk wuri ɗaya. Ko wanne ne, baturan su zama kamfani ɗaya, girma ɗaya, zubi ɗaya. A haɗin jere wuta iri ɗaya ce take ratsa su duka, altaneta kuma jimilla kawai take gani. Idan ɗaya ya cika ɗaya bai cika ba, cikakken zai riƙa shan caji fiye da kima yana ƙone ruwa, ɗayan kuma ya zauna da yunwa yana tara salfet. Kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, idan ɗaya rago ne duka biyun ke wahala. Saboda haka sayen sabo ɗaya a haɗa da tsoho ba rangwame ba ne, jinkirta asara ce da wata uku.

Idan busasshe ka saya

Har yanzu ana sayar da batirin da ke zuwa babu ruwa, a zuba masa asid ranar da za a yi amfani da shi. A ƙasa mai zafi irin tamu yana da fa'ida babba, domin shekarunsa ba sa fara ƙirguwa sosai sai ranar da aka jiƙa shi, muddin ba a buɗe murafansa iska ta shiga ba. Amma a nan ne aka fi yin gaggawa.

Asid ɗin da za a zuba a auna shi da haidiromita, wato bututun gilashin nan mai robar tsotsa. Masu ƙera batura sukan nemi kauri tsakanin 1.260 da 1.280, wasu kuma su rage zuwa wajen 1.240 don ƙasashe masu zafi. Abin da aka rubuta a kwali shi za a bi. Asid mai kauri fiye da kima yana ba da kik mai zafi a makon farko, sannan ya cinye farantai. Idan za a sirka, asid ake tsiyayawa a hankali cikin ruwa. Ba a taɓa zuba ruwa cikin tsantsar asid, tafasa yake ya fantsamo fuska. A bar haɗin ya huce kafin a zuba.

A cika kowane ɗaki har ruwan ya rufe farantai da kimanin milimita 10 zuwa 15, ko ya kai layin sama idan akwai. Sannan a bar shi ya tsaya aƙalla rabin awa, awa ɗaya zuwa biyu ya fi ga babban batiri. Zai yi ɗumi, zai yi 'yan kumfa, ruwan zai sauka saboda farantai sun sha. A ƙara asid ɗin ya koma inda yake. Wannan ne karo na ƙarshe da asid zai shiga batirin nan. Daga yau sai tataccen ruwa, wanda ake sayarwa da sunan distil. Ruwa ne ke ƙonewa ya fita, asid yana nan. Fiya wata da ruwan burtsatse da na rijiya duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata farantai sannu a hankali.

Busasshen batiri yana iya tayar da mota bayan an jiƙa shi, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Bai cika ba. Dole ya hau caja kamar kowane.

Cajin kansa

A yi shi a inuwa, inda iska ke wucewa. Batiri idan ya kusa cika yana fitar da iskar haidirojin, wadda da ta kai kashi 4 cikin ɗari a iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa. Ba sigari, ba walda a kusa, ba cajin batiri a ɗakin da yara masu gadi ke kwana. A sa tabarau, a cire zobe da agogon ƙarfe. A ajiye bokitin ruwa kusa. Idan asid ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. Idan a ƙasa ko a kan ƙarfe ya zuba, jiƙaƙƙiyar kanwa ko bekin soda na kashe kaifinsa.

A yi wa kowane batiri caji shi kaɗai a kan bolt 12, ko da motar mai 24 ce. Na san caja da yawa suna da makunnin 24, kuma haɗa biyu lokaci ɗaya ya fi sauri. Amma idan ɗaya ya shigo da 12.5 ɗaya da 12.2, cajar 24 za ta mayar maka da su da bambancinsu. Manufar cajin farko ita ce su fita daidai wa daida. Haka nan idan wurin mai caji za ka kai, irin wanda ke jera batura bakwai ko takwas a layi ɗaya, na mashin da na ƙaramar mota da na tirela, ka roƙe shi ya ware naka, ko da za ka ƙara masa kuɗi.

A sassauta murafan ɗakuna idan masu buɗewa ne. A tabbata ruwa ya rufe farantai, amma kada a cika har baki kafin caji, domin yana kumbura idan ya yi zafi. A maƙala jan waya a fozitif, baƙi a negetif, caja tana kashe, sannan a kunna. Idan alamar ta goge, kan fozitif ya fi na negetif kauri. In an gama kuma a kashe caja tukuna kafin a cire waya, saboda lokacin ne iskar ta fi yawa a saman batirin.

Ƙa'idar ƙarfin wuta mai sauƙi ce: kashi ɗaya cikin goma na girman batirin. Mai amfiya-awa 200 a ba shi amfiya 20, mai 150 a ba shi 15. Ƙasa da haka babu laifi, lokaci kawai zai ci. Makunnin da aka rubuta Boost ko Start na gaggawar tayar da mota ne, ba na sabon batiri ba. Yana ɗaga bolt da wuri har ka zaci ya cika alhali cikin farantai bai ɗauka ba.

Idan cajarka mai sarrafa kanta ce, ka zaɓi irin batirin daidai. Mai ruwa yakan so wajen bolt 14.4 zuwa 14.8, AGM kada ya wuce abin da aka rubuta a jikinsa, galibi 14.4 zuwa 14.7, domin shi idan ruwansa ya ƙone babu ƙofar ƙarawa. Waɗannan lambobi na yanayin digiri 25 ne. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, ana rage wajen bolt 0.02 zuwa 0.03. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda inuwa ma ke haura 40, wannan ragi ya kai 0.3 zuwa 0.4, wato 14.4 ya koma wajen 14.0 ko 14.1. Mafi sauƙi shi ne a yi cajin da dare. A riƙa taɓa gefen batirin. Idan zafinsa ya doshi digiri 50, yadda tafin hannu ba ya jure daɗewa a kai, a kashe caja a bar shi ya huce sannan a ci gaba da rabin wutar. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa alama ce an wuce gona da iri, a kashe nan take.

Awa nawa? Lissafi ne. Batirin 200 da ya nuna 12.2 yana bin bashin amfiya-awa 100. A kan amfiya 20 awa biyar ke nan a takarda. Amma ba duk wutar da ta shiga ke zama ba, kuma yana cika yana rage karɓa, don haka ka sa ran awa bakwai zuwa takwas ko fiye. Wanda ya nuna 12.4 zai ci wajen awa huɗu. Idan Nepa ta ɗauke a tsakiya babu abin da ya lalace, a ci gaba in ta dawo, a dai riƙe lissafin awannin.

Agogo ba shi ne shaida ba. A caja mai riƙe bolt, ka san ya cika idan allurar amfiya ta sauko zuwa kashi 1 ko 2 cikin ɗari na girmansa, wato amfiya 2 zuwa 4 a batirin 200, ta tsaya nan. A tsohuwar caja mara sarrafa kai, sai ka ga dukkan ɗakuna shida suna kumfa iri ɗaya, kuma awon haidiromita bai motsa ba sau uku a jere, awa ɗaya tsakanin kowane awo. Irin wannan cajar ba a barinta a tafi gida. Ɗakin da ya yi shiru alhali sauran biyar na kumfa, ka sa masa alama, za mu dawo kansa.

Hutu kafin awo

Batirin da aka sauke yanzu daga caja zai nuna 13 da wani abu. Wannan cajin sama-sama ne, ba a hukunci da shi. A bar shi ya kwana, awa 12 zuwa 24, babu abin da ke maƙale da shi. Idan mota na jira, a haɗa masa ƙwan babbar fitila na bolt 12 na 'yan mintoci, a cire, a jira minti goma, sannan a auna. Ya kamata ya zauna a 12.6 ko sama. Na biyun ma haka, kuma bambancinsu kada ya wuce 0.1. Sabon batirin da ya sha cikakken caji amma da safe ya sauko 12.3 yana da ciwo a ciki. Wanda ya nuna wajen 10.5 kuwa ɗaki guda ne ya mutu. A mayar da shi shago tun rasit bai yi datti ba.

Gwaji uku, kowanne da abin da yake gani

Mita tana gaya maka yawan cajin da ke ciki, ba ta gaya maka ko batirin zai iya juya injin mai silinda shida. Don haka ake ƙara wasu gwaje-gwajen.

Na farko haidiromita, ga batiri mai murafai. A tsotso ruwan ɗaki har kwalbar ciki ta yi iyo ba ta taɓa gefe ba, a karanta daidai saitin ido, a mayar da ruwan ɗakin da aka ɗebo. Cikakke yana nuna 1.265 zuwa 1.280, ko kaurin asid ɗin da aka zuba idan na ƙasa mai zafi ne. 1.225 kimanin kashi 75 ne, 1.190 rabi, 1.120 fanko. Zafi yana sa awon ya yi ƙasa, don haka ana gyarawa: a kan kowane digiri sama da 27 a ƙara kimanin 0.0007. Idan ruwan yana digiri 42 ka karanta 1.255, ainihinsa 1.265 ne. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne jituwar ɗakunan. Idan mafi sama da mafi ƙasa sun bambanta da 0.050 bayan cikakken caji, batirin ba shi da lafiya, kuma sau da yawa ɗakin nan ne da ya ƙi kumfa. Kada a yi awon nan bayan an ƙara ruwa yanzu-yanzu. Ruwan yana sama bai gauraya ba, sai an ɗan yi caji. Ruwa mai launin ƙasa-ƙasa a sabon batiri ma abin tuhuma ne.

Na biyu gwajin lodi, kuma shi na fi yarda da shi. A jikin batiri akwai lambar CCA, wato amfiyar da zai iya bayarwa a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Irin wannan sanyin ko a Jos cikin hunturu ba a yi, amma lambar ita ce ma'aunin ƙarfin kik a ko'ina. Ƙa'ida ita ce a ɗora masa lodin rabin CCA na daƙiƙa 15. Idan an rubuta 1,100, a ja amfiya 550. A ƙarshen daƙiƙa 15 ɗin, lodi yana kai, kada bolt ya sauka ƙasa da 9.6 a yanayin digiri 21 zuwa sama. Sabo mai lafiya a zafinmu yakan tsaya sama da 10 ba wahala, kuma da an cire lodi ya farfaɗo da sauri. Wanda allurarsa ke ta gangarowa ba ta tsaya ba, ya faɗi. Ba a wannan gwaji a batirin da ke ƙasa da 12.4, domin mai kyau ma zai faɗi idan babu caji. Kuma ƙaramar testar hannu mai jan amfiya 100 ta ƙananan motoci ce; batirin tirela ko ya rasa rabin ƙarfinsa zai wuce ta.

Na uku testar lamba, irin su Midtronics da ire-irensu, wadda ba ta jan babbar wuta, tana auna yadda cikin batirin ke barin wuta ta wuce ne, ta fitar da hukunci a 'yan daƙiƙu. Tana da amfani, musamman ga rufaffen batiri. Kuskuren da ake yi da ita shi ne zaɓen ma'auni. CCA na ma'aunin Amurka (SAE) daban, na Turai (EN) daban, na Jamus (DIN) daban, na Japan (JIS) daban, kuma lambar DIN ta fi sauran ƙanƙanta sosai a batiri ɗaya. Idan takarda ta ce EN ka saita na'ura a DIN, za ta yanke wa lafiyayyen batiri hukuncin kisa. A maƙala ta a jikin dalmar kan batirin kai tsaye, ba a kan noti ko wayar haɗi ba, kuma kowane batiri shi kaɗai.

Akwai gwaji na huɗu da ake yi a bakin titi: a ɗauki waya ko sifana a gitta kawuna biyu, a ce "ka ga wuta!" Batirin da ya kusa mutuwa ma yana tartsatsi. Abin da wannan ke jawowa kawai shi ne narkewar kan batiri, ko fashewarsa a fuskar mai gwajin idan daga caja ya sauko.

Ɗaurawa, da gwajin motar

A kashe komai, a cire makulli, a kashe babban makunnin batiri idan akwai. Wajen cire tsofaffi negetif ake fara kwancewa, wajen ɗaura sababbi shi ne na ƙarshe, domin idan sifana ta taɓa bodi alhali negetif bai shiga ba, babu abin da zai faru. A wanke akwatin, a kankare bakin wayoyi har ƙarfe ya yi haske. Idan maƙalin ya yi faɗi a canza shi. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani da buga shi da guduma yana tsaga gindin kan batirin, asid ya riƙa tsattsafowa. A ɗaure tukuna sannan a shafa basilin ko giris a sama. Wayar da ke haɗa batura biyu ta zama mai kauri ɗaya da manyan wayoyin. Sannan a ɗaure baturan da ƙarfensu, ba igiyar roba ba. Girgizar hanyoyinmu tana kakkaɓe farantai, batirin da ke tsalle a akwati ba ya shekara.

Yanzu sai a tambayi motar ko ita ce ta kashe na baya. A sa mita a jimillar batura, wani ya buga kik. A mota mai 24 kada ya faɗi ƙasa da wajen 19.2 lokacin da injin ke juyawa, kuma idan aka auna ɗaya-ɗaya kowanne ya riƙe 9.6 zuwa sama. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15, a huta minti biyu kafin a sake. Idan batura sun riƙe bolt amma injin na juyawa da nauyi, a nemi laifin a wayoyi ko a kikstata: a taɓa mahaɗai bayan an buga, duk wadda ta yi zafi tana cin wuta. Wayar da ta tafi bodi ita aka fi mantawa da ita.

In mota ta tashi, a ɗan ba ta wuta a kunna fitilu. Mai 24 ta nuna tsakanin 27.6 da 28.8, mai 12 tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa. Ƙasa da haka a duba bel ɗin altaneta da ita kanta. Sama da haka sosai, regileta, wato abin da ke daidaita bolt ɗin altaneta, ta lalace kuma za ta dafa sababbin baturan cikin makonni. Sai a auna kowane batiri daban injin na aiki. Su raba jimillar kusan biyu daidai. Idan bambancin ya doshi rabin bolt, a bi wayoyi, domin sau da yawa za a tarar an saci bolt 12 daga batiri ɗaya an ba rediyo, fanka, ko cajar waya. Wannan ɗabi'a ta kashe batura fiye da jabun kaya. Batirin da ake tatsa yana sauka kullum, ɗan'uwansa yana ƙonewa, kuma musanya musu wuri duk wata da wasu direbobi ke yi rage zafi ne kawai. Maganinsa ƙaramar na'urar da ke sauko da 24 zuwa 12, wadda kuɗinta bai kai rubu'in batiri ɗaya ba.

Abu na ƙarshe shi ne yoyon wuta. A kashe mota da komai nata, a kwance negetif, a sa mita a ma'aunin amfiya 10 tsakanin wayar da kan batirin. Kada a buga kik a haka, mitar za ta ƙone. 'Yar wuta kaɗan ta na'urar bin sawu da kwamfutar injin ba komai ba ce. Amma amfiya ɗaya cur tana cin amfiya-awa 24 a yini, wato kwana huɗu a layin tashar jiragen ruwa ta Apapa ko a bakin boda sun cinye kusan rabin batirin 200. Idan an ga haka a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, layin da ya faɗar da ita shi ne mai laifi.

Kafin a rufe akwati, a rubuta ranar ɗaurawa da bolt ɗin kowane batiri a jikinsa da maka, a kuma rubuta awon ɗakuna da na lodi a bayan rasit, tunda da su za a yi magana idan batun garanti ya taso. Bayan mako biyu a sake auna su da safe kafin a tayar da mota, a leƙa ruwan kowane ɗaki, a gwada ƙarfin ɗaurin kawuna da hannu. A lokacin bazara leƙen ruwa duk mako biyu ne, da damina da hunturu sau ɗaya a wata ya isa. Idan mota za ta yi fiye da mako a ajiye, a kwance negetif ko a kashe babban makunni, kuma duk lokacin da ɗaya ya sauko 12.4 a sauke su duka biyu a mayar kan caja, kowanne shi kaɗai.